Dutsen da Na Matsar

A zamanin gyaɗa, daga Tasawa har Mayahi babu macen da ta kai ni guɗa. Ba yabon kai ba ne, ku tambayi tsofaffin da suka rage. In na rangaɗa ta a ƙofar gidan biki, masu jan ruwa a rijiyar bayan gari sai sun ɗago kai. Har da amalanke ake zuwa ɗaukata.

Shekarar da aka kawo maganin iri, aka ɗauke mu aiki a mangaza, wato ɗakin ajiyar iri, ni da taubashiyata, ɗiyar gwaggona. Jar hoda ce mai yaji a hanci. Mu zuba ɓararriyar gyaɗa cikin masaki, mu barbaɗa hodar, mu cakuɗa, mu ɗura a buhu, don kada ƙwari su cinye irin a ƙasa.

Malamin gona, wanda muke ce ma Mushe, ya ba mu ƙyallen rufe hanci da baki. Sannan ya kafa sanda a ƙofar mangazar, ya ajiye dutse can gefenta. Ya ce da safe inuwar sandar doguwa ce, tana wuce dutsen. Da zarar ta janye ta dawo kansa, mu fito, an gama na ranar.

"Ƙirjin mutum yana da iyakar abin da zai ɗauka," in ji shi. "Ko saura masaki ɗaya, ku bar shi."

Na ce a raina, wannan ƙirjin 'yan lakwal, 'yan boko, yake nufi.

Ita taubashiyar tawa sanyin jiki gare ta, tana cakuɗa iri kamar mai yi wa jariri wanka. Amma wata safiya Mushe ya zura ido a buhunta, ya ce kowace ƙwaya ta ji magani. Ya ciro makullin mangaza ya ba ta. A gabana! Ta rataya shi a wuya da jan zare, ta bi ta tsakiyar kasuwa da shi, mata na ce mata uwar mangaza.

"Baiwata," ta ce mini, "gobe ki zo da wuri, kar ki sa na tsaya jiranki."

"Wa ya ga akuya da ƙararrawa," na ce.

Muka yi dariya, amma ranar ko fura ban iya sha ba.

Na ƙudurta sai buhunana sun ninka nata, Mushe ya ga wadda ta cancanci makulli. Abin da ya tare ni dutsen nan ne. To, Mushe kullum yana kan kekensa, yau Korgom gobe wani ƙauyen, yana rabon iri. Sai na fara tura dutsen da ƙafa, ina matsar da shi kusa da gindin sandar. Yau ɗan yatsa, gobe tafin hannu. Inuwa ta riƙa daɗewa kafin ta iso shi. Ƙyallen ma na sauke shi wuya, don yana hana ni sauri, ga zafin bazara.

Ita kuwa lokacinta na yi sai ta karkaɗe zane ta fita.

"Malalaciya, inuwa ba ta kai ba!"

"Ta kai inda na san ta," in ji ta. "Ke ma fito, hancinki ya yi ja kamar na biri."

Ta zauna ƙarƙashin iccen bedi tana jirana da makullinta, ni ina ciki, hoda na tashi har ina ganinta cikin hasken taga. In na tofar da yawu, ja. Na ce ai alamar aiki ce.

Tari ya fara kamar wasa. Kafin ruwan shuka ya sauka, in na ɗauko tulu daga rijiya sai na tsaya sau biyu a hanya. Mushe ya dawo, ya dubi tarin buhunana, ya dubi dutsen, ya dube ni. Bai yi faɗa ba. Ya mai da dutsen mazauninsa, ya ce in je asibiti wurin lokotoro, kada in sake shiga mangaza. Makulli yana nan a wuyanta.

Bayan kaka aka yi auren ƙanena a Baudeta. Aka kawo amarya, mata suka buɗe mini fili kamar yadda aka saba. Na kama hanci, na ja numfashi, na ɗaga murya. Ta tashi kaɗan, ta tsinke a tsakiya, tari ya turnuƙe ni har na durƙusa.

Sai na ji guɗa a bayana. Ita ce. 'Yar siririya, ko rabin tawa ba ta kai ba, amma ta kai ta har ƙarshe ba ta yanke ba. Mata suka ɗauka, aka shiga da amarya.

Ta zo ta riƙe ni, tana bubbuga mini baya.

"Aro na yi, baiwata. In kin warke ki karɓi abinki."

Tarin ya lafa daga baya, amma dogon numfashin nan bai dawo ba. Ita aka riƙa zuwa ɗauka da amalanke. Ba ta taɓa faɗa wa kowa zancen dutsen ba har ta koma ga Allah, kuma wannan ma ya ci mini rai, don ko abin rama mata ba ta bar mini ba. Allah ya jiƙanta. Amma guɗarta ba ta kai tawa ba.