Cikon Goma a Ajin Latin

Shekara ashirin da shida ina buga wa marigayi Bambo Chimphamba takardu a ofishin makarantarmu da ke gefen Zomba, don haka na san shi ciki da bai. Yana saurayi ya shiga makarantar horar da limaman coci, ya fito ba limanci, sai Latin fal kansa, ya kama koyarwa. Littattafan da Turawa suka bari duk labarin sojojin Rum ne, yara na karantawa suna hamma. Sai ya zauna ya rubuta nasa, inda ake karyar masara ana kamun kifi a tafki, amma da Latin. Uku na buga masa, yatsuna sun ji jiki. Wakafi ɗaya ya ɓace, sai ya dawo mini da shafin gaba ɗaya.

Ana nan sai aka kawo sabon shugaban makaranta, wanda shi ma Bambo ne ya koyar da shi. Ya ce duk darasin da bai samu ɗalibai goma masu zana jarrabawa ba, an soke shi. Dattijon nan ya hau kekensa ya bi iyaye gida-gida. Wani ya tambaye shi ko da Latin ake sayen taki. Wata ta ce limamin cocinsu ma ya daina amfani da shi. Ya sha wulaƙanci har ya gode Allah, ya samu tara. Hankalinsa kwance, don ta goman a gidansa take cin tuwo: Tiyamike, autarsa, wadda ta haddace littafi na farko tun kafin ta yi famfara.

Ranar rufe rajista ta shigo ofishina da takardarta, ta tarar da shi zaune yana jiranta. Kwamfuta ta zaɓa, ga shi darussan biyu lokaci ɗaya ake yin su. Saura sa hannun uba kawai.

"Baba, ba wanda ya kai ka iya Latin a ƙasar nan," ta ce, kanta a sunkuye. "To ga ka nan da keke."

Na so in kwaɗa mata mari, amma na rasa inda ta yi ƙarya, kuma abin da ke ƙona mini rai ke nan har yau. Ya ari birona ya sa hannu. Da ta fita, ya ce in buga wa iyayen taran nan takardar ban haƙuri, shi zai kai musu da kansa.