Baba Mai Keji da Akun Auta

Kullum kafin mai shagon tsuntsaye ya iso, Baba Mai Keji ya riga ya wanke kwanukan ruwa, ya share ƙarƙashin keji, ya zauna a bencinsa da wani ɗan aku a yatsa. Haka muka taso muka gan shi. Yanzu hannu ya soma rawa, ya ce zai huta.

Mutane kan kawo masa aku mai cizo ya gyara masa hali, sai dai ba kowa ne ya yarda da shi ba. Aku ya zo yana cizo kamar ya ga maƙiyi, ya koma gida lafiya lau? Telan da ke kusa da shagon ya rantse ƙwaya yake jiƙa musu a ruwa. Mai aski ya ce a'a, musanya tsuntsu yake yi ya sayar da naka. Mijina kuwa duka biyun ya hau ya zauna.

Mu ta kan Autarmu abin ya same mu. Yarinyar ba ta da yawan magana, ko ƙawa ba ta da ita, da ɗan akunta kawai take hira. Ran da ya fasa mata yatsa, babanta ya ce in ya kuma, akun ya bar gidan. Da ƙyar ya yarda mu je wurin Baba, shi ma sai da ya ɗiga wa ƙafar tsuntsun jan farce don kada a musanya, ya kuma riƙo ruwanmu a gora.

Baba bai ko karɓi tsuntsun ba. Cewa ya yi Auta ta miƙa yatsa yadda ta saba. Aku na kai baki ta fizge hannu ta ƙwalla ƙara, ni da babanta muka yo kansa da faɗa. Baba ya ce to ga matsalar nan. Ɗan aku da baki yake taɓa reshe ya ji ko zai ɗauke shi kafin ya hau, in reshen ya gudu sai ya damƙe. Ihunmu kuma wasa ne a wurinsa, gobe ma zai nemi ƙari. In ya ciza da gaske, a sauke shi ba faɗa, a ɗan juya masa baya, a ba shi itace ya gwaigwaya.

Mijina dai sai leƙen hannun Baba yake ko ya shafa wani abu. Tabon cizo kawai ya gani.

"Jikata, tsayar da yatsan," in ji Baba. "Zai taɓa. Kar ki janye."

Tana hawaye ta tsayar. Aku ya ɗan latsa, ya ɗago ƙafa, ya hau. Wallahi ni ma sai da na yi ƙwalla.

Baba, kai ne aka zarga kana ji, ba ka fasa miƙa hannu ba. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Ku masu ɗan aku a gida, kafin ku daka masa tsawa ko ku kai shi kasuwa, ku yi koyi da wannan dattijo. Akun Auta yana nan a gidanmu, babanta ne ma yake sayo masa itacen gwaigwaya, wai shi don kada ya cinye masa kujera.