Bencinan Da Suka Riga Mu Zuwa

Litinin: daga gida zuwa Shinkafi

Na tashi ƙarfe biyar saura kwata, tun ladan bai yi kira ba. Na ɗumama tuwo, na dama wa yara koko, na kai ƙaramin ɗakin uwar mijina. Na ɗaure ƙullin kaya ina fargaba, don ban taɓa kwana a waje ba tare da maigida ba, ga kuma halin da hanya take ciki, kowa ya sani.

Ga dalilin tafiyar. Shekara uku da suka wuce ofishin ilimi na shiyyarmu ya fito da tsarin gyara makarantun firamare, mataki-mataki. Na farko benci, kowane yaro ya tashi daga ƙasa. Sai rufi, sai bayi, sai fenti. Yanzu aka ce za a zagaya a duba inda aka kwana, kuma a tafi da mace ɗaya daga ƙungiyar iyaye mata. Ni aka tura, wai na yi aji huɗu, ina karanta lamba. Abin da ya sa na amsa kuwa Ummi ce, ɗiyata ta fari. Shekararta uku tana zama a kan buhun siminti a aji, da damina sanyin ƙasa ya sa mata tari har sau biyu. Babanta ya ce mini, "In dai a ƙasa za ta zauna, gida ma akwai ƙasa. Bayan girbi in ba benci, ta bar zuwa."

Shi ya kai ni bakin titi a babur daga ƙauyenmu, can bayan Birnin Tsaba. Ba motar da ke motsawa sai bakwai ta yi, jami'an tsaro sun fito. Na biya dubu ɗaya da ɗari biyar, takwas da rabi ina Kaura Namoda.

A ofis na iske Malam Lawali, shugaban tafiyar, da Hajiya Kulu, tsohuwar malama da ta ajiye aiki, da direbanmu Mamman. Malam Lawali ya nuna mini takarda mai layi-layi. Ya ce in muka ga benci a makarantu ukun da aka zaɓa, zai sa alamar an gama, a rufe matakin farko a wuce na biyu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in an rufe, sai a daina kawo benci ke nan?"

"To, mi za a kawo bayan an gama?"

Makarantarmu ce ta uku. Na san babu benci ko ɗaya a cikinta, don haka hankalina ya ɗan kwanta.

Ƙarfe tara da kwata muka kama hanyar Shinkafi. Mamman ya ce kilomita hamsin da 'yan kai ne. Na ƙirga shingen jami'an tsaro shida. Duk inda gero ya yi tsawo har bakin titi sai in tuna 'yan bindiga kan ɓuya ciki, in kama salati. Hajiya Kulu ta dafa gwiwata ta ce, "Ɗiyata, salatin ga naki ya ishi mota uku. Rage mana na dawowa."

Sha ɗaya saura muka shiga makarantar farko, a wani ƙauye kusa da Badarawa. An share fili, an yayyafa ruwa. Aji biyu cike da benci, yara a jere. Malam Lawali ya ƙirga, ya yi murmushi, ya sa alama.

Ni dai wani abu ya tsaya mini. Yaran zaune suke a ɗosane, kamar baƙi a ɗakin amarya. Da suka miƙe gaisuwa na ga bayan rigunansu duk ja ne da ƙasa, irin na Ummi. A bayan ƙyaure kuma ga buhunan siminti an ninke an tara. Na duba ƙasan ajin, babu sawun da ƙafar benci ke bari in ta daɗe a wuri ɗaya. Na yi biki, na yi suna, na san kamannin kayan aro.

Mu mata in za mu ba da aron kwanuka gidan biki, muna ɗiga musu jan farce a gindi don su dawo. Nawa ɗigo uku ne a jere. Kwalbar na cikin jakata. Da maza suka fita duba rufi, na durƙusa kamar ina gyara takalmi, na ɗiga wa benci biyar a ƙarƙashi. Na yi maza na mayar da kwalbar jaka kamar na yi sata.

Aka tsare mu da fura da nono da dambu har bayan azahar. Ƙarfe uku muna Shinkafi. Ni da Hajiya muka sauka gidan ƙanwarta kusa da kasuwa, aka yi mana tuwon dawa da miyar kuka. Na sayi hoce, gurasar dawar nan, na ɗari biyar don yara. Ban faɗa wa kowa komai ba, ina tsoron a ce ƙauyanci ne.

Talata: Shinkafi zuwa Zurmi

Bakwai da rabi muka tashi, muka sake biyowa ta Kaura, sannan muka karkata hanyar Zurmi. A shinge na biyu bayan Kaura muka iske wata a-kori-kura a gabanmu, an lulluɓe kayanta da tamfol. Soja ya ɗaga gefe ya leƙa. Ni ma na leƙa ta taga. Ƙafafun katako ne, birjik, suna kallon sama.

Na ce, "Malam Mamman, wancan kayan mi ne?"

Ya yi dariya. "Kayan da ba su son a riga su isa. Ki bar ni da tuƙina, Maman Ummi."

Muka tsaya cikin Zurmi gaisuwa da shan ruwa kusan awa biyu. Sha biyu da rabi muka isa makaranta ta biyu. Fili a share, yara a ɗosane. Na sa hannu ƙarƙashin bencin gaba, na biyu, na uku. A na huɗu yatsana ya ji tudun jan farce. Na leƙa. Ɗigo uku a jere.

Na ja Hajiya Kulu gefe na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Tun ina koyarwa ake haka. Wata makaranta cikin Kaura anka ba su, kowa can yake aro. Ba sata ba ce, ɗiyata, kunya ce. Ba hedimastan da ke son baƙi su iske yaranshi ƙasa."

"To Hajiya, kunyar nan ai ita za ta bar su ƙasa."

"Faɗa wa Lawali."

Na je zan faɗa, na iske shi tsakiyar dattawan gari ana ta yi masa godiya, ya riga ya sa alama ta biyu. Na fasa. Na ce wa raina ba komai, gobe zai ga makarantarmu fayau, ba sai na kunyata kowa ba. Muka kwana gidan wata malama a Zurmi, da safe ta ba mu waina da kunu.

Laraba: Zurmi zuwa gida

Ƙarfe takwas muka fito. Daga titi zuwa ƙauyenmu hanyar ƙasa ce, ruwa ya cinye ta, sau biyu Mamman ya sauka yana gwada zurfin laka da sanda. Sha ɗaya da minti ashirin muka iso.

Tun daga nesa na ga sawun taya sabo ya nufi makaranta.

An share fili. Matan ƙungiyarmu sun yi layi da sababbin hijabai. Mai gari na zaune a inuwar darbejiya. Ga maigida a tsaye kusa da hedimasta Malam Bello, kafaɗar rigarsa duk ƙurar katako. Ashe da shi aka sauke kayan. Na shiga aji, ga Ummi a kan benci, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba, tana lilo da su tana yi mini murmushi.

Malam Lawali ya ƙirga. Ya buɗe takarda, ya cire murfin biro.

Ban san lokacin da na ce, "Ranka ya daɗe, dakata," ba. Kowa ya juyo. Maigida ya zuba mini ido, irin kallon nan na ki yi shiru. Na ce wa Ummi da 'yan bencinsu su tashi. Ba nasu ba ne mai alama, sai da na tashi layi uku kafin na samu. Na kama shi na kifar.

"Wannan ɗigon ni na yi shi shekaranjiya a Badarawa. Jiya na gan shi a Zurmi. Duk matar da ke nan ta san alamar kwanukana."

Daga bakin ƙofa wata ta ce, "Wallahi tata ce. Tana gindin langar da na ara."

Wasu suka yi dariya, Malam Bello bai yi ba. Ya ce, "Haba Maman Ummi. Baƙi sun zo garinmu, sai mu bari su ga tsiraicinmu?"

Na ce, "Malam, ka yi haƙuri, kai ka koya mini karatu. Amma da la'asar motar nan za ta dawo ta kwashe su. In ya sa alamar nan, an rufe maganar benci. Gobe a kan mi za su zauna?"

Hajiya Kulu ta je bayan ƙyaure, ta ɗebo buhunan siminti ta zube gaban Malam Lawali. Ya dubi buhunan, ya dubi bencin da ke kife. Ya tambayi Malam Bello nasu na kansu nawa ne.

Malam Bello ya sunkuyar da kai. "Kujerata ce kawai."

Malam Lawali ya rubuta ba a yi ba. Ya koma layi biyun baya ya soke alamun da ya sa. Ya juyo mini da takardar na gani da idona, na bi da yatsa har ƙarshe. Ya ce ba zai yi mini alkawarin rana ba, amma matakin farko a buɗe yake, kuma zagaye na gaba ba za a sanar da kowa ba.

Da la'asar a-kori-kura ta zo. Ummi ta tsaya tana kallo ana lodi, ta ƙi yi mini magana, hocen ma ta ƙi karɓa. Muka taka zuwa gida ni da maigida, yana gaba ina baya. Sai da muka kai ƙofa ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Kin sa na yi dakon banza tun safe."

Na tsaya a bayansa riƙe da ƙullin kayana.

Ya ce, "A wanke mata buhun. Ta ci gaba da zuwa, mu ga iyakar takardar taku."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Hajiya Kulu da ƙanwarta, da malamar Zurmi, da Mamman da bai yi gudu da mu a hanya ba, da uwar mijina da ta riƙe mini yaro. Malam Bello kuma na aika masa da fura washegari, ya sha, ya maido kwanon.

Kwalbar jan farcen saura kaɗan. Na ɗaga ta saman kwabet, na hana kowa taɓawa. Ranar da namu suka iso, ni zan ɗiga musu.