Matar da Ta Sace Ƙarshen Labarin Bakal

An soke shirin ana saura kashi ɗaya a gama. Abin da ya faru ke nan, kuma shi ya mayar da Petring Mabanglo, wadda muke kira Aling Petring don girmamawa, mai rubuta allon mota a tashar jipni, motocinmu na haya, ta Marikina a Manila.

Duk direban da ya yi layin Cubao ya san ta. Kafin motar farko ta cika ta riga ta buɗe rumfarta, ta jera gwangwanayen fenti, tana tsoma biredi a kofi. Ta bayan roba take rubutu, haruffa a juye, don kada ruwan sama ya ci su. Ka ce ta yi sauri, sai ta ce, "Kuya, yayana, fentin nan ba matarka ba ce da za ka yi wa tsawa. Je ka sha kofi." Ƙarshen watan nan za ta rufe rumfar, hannu ya fara rawa. Shi ya sa nake wannan rubutu.

Tana budurwa ta yi aiki a wani kamfani a Mandaluyong da ke yi wa Turawa katun. Su aiko da zane, matanmu su cika launi a bayan roba mai garau kamar gilashi, ɗaya bayan ɗaya, sannan a ɗauka a kyamara. Akwai wani babban shirin talabijin na 'yan sama jannati, na manya. Sai masu shi suka ciro na yara daga jikinsa: 'ya'yan kukun kumbon da wani ɗan butum-butumin ƙarfe mai shara, wanda da aka juya shirin zuwa harshenmu aka sa masa suna Bakal. Can ƙasarsu ba wanda ya kalla. Nan kuwa, safiyar Asabar ba ka samun wurin sa ƙafa a gaban talabijin ɗin shagon Mang Berting.

A kashin da aka nuna na ƙarshe, igiyar Bakal ta tsinke, ya yi ta lilo cikin duhu, kumbo na nisa. Asabar ta zagayo, yara suka taru, aka sa musu gasar waƙa.

Kamfanin su Petring ne ke fentin shirin, kuma an riga an gama fentin kashi na ƙarshe da ba a nuna ba. Mista Villaflor, shugaban sashen, ya nuna wa Petring tarin.

"Kwashe ki kai ɗakin wanki."

"Yallaɓai, ko kyamara ba su gani ba."

"Masu shi ba sa so. Robar tasu ce, a wanke ta, wani aikin na jira."

Dokar sana'ar kowa ya san ta. Ka fita da roba ko ɗaya, ba kamfaninka kaɗai ka bari ba, ka bar sana'ar.

Da ta koma gida ta tarar da Ningning, 'yar maƙwabciyarta, zaune a matakala.

"Ate Petring, ya mutu ne?"

"Ƙarfe ne, ba ya mutuwa."

"To yana can shi kaɗai ke nan har abada?"

Washegari Petring ta koma ɗakin wanki.

Damina ce, kuma mai gadi jaka kawai yake dubawa. Ta zaɓi robobin da jigon labarin ke kansu, ta riƙa ɗaure su a gadon bayanta ƙarƙashin rigar ruwa, kaɗan-kaɗan, ta wanke sauran. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci ta tara yara a filin ƙwallon kwando. Ta riƙa ɗaga robar tana saita ta da rana, tana yin muryar kowa da bakinta.

Mang Berting ya ce, "Petring, wannan butum-butumi ne ko agwagwa?"

"Wa ya gayyace ka, tsoho? Na yara ne."

Bai tashi ba. 'Ya'yan kuku suka ƙulla barguna da tsummokan kicin suka jefa waje, Bakal ya miƙa tsintsiyarsa ya kama, aka jawo shi ciki. Waɗanda suke wurin sun ce ihun yara har bakin kogi.

Mutanenmu ba su iya cin alheri a ɓoye ba. Wanda ya yi maka, sai ka gode masa a gaban manyansa, don su san darajarsa. Ranar Litinin uwar Ningning ta yi wainar shinkafa cike da kwando, ta shiga mota har Mandaluyong, ta tsaya a ƙofar kamfani. Ta ga Mista Villaflor da rigar manya, ta riƙe masa hannu.

"Yallaɓai, Allah ya yi muku albarka da kuka ba Petring hotunan nan. Yarinyata ta koma cin abinci."

Ya juya ya dubi Petring, wadda ta iso aiki a lokacin. "Waɗanne hotuna?"

Da Petring ta ce tsoffin da aka zubar ne, mai yiwuwa ya kawar da kai, don ba mugu ba ne. Ba ta ce ba. Ta ce, "Na kashi na ƙarshe, Yallaɓai. Ni na ɗauka." Sannan ta karɓi kwandon da hannu biyu ta gode wa matar, don kada matar ta gane abin da ta jawo mata. Har matar ta bar unguwar ba ta sani ba.

Aling Petring, ke ce kika ga yarinya ta yi tambaya ba ki ce mata katun ne kawai ba. Ke ce ba ki ɗora wa mai kwando laifi ba. Sata dai sata ce, ke ma ba ki taɓa kiranta da wani suna ba, ni ma ba zan canja mata ba. Amma yaran nan yau su ne direbobi da masu jinya da masu sayar da kifi, kuma duk sun san Bakal ya dawo gida. Mun gode. Duk wanda ya fara wa yaro labari, ya yi koyi da ke, ya kai shi ƙarshe.

Ranar da aka kai kwandon nan, Petring ta mayar da robobin da hannunta, aka wanke su a gabanta. Kafin sati ya fita sunanta ya zaga duk kamfanonin katun na Manila. Tana da shekara ashirin da 'yan kai, kuma ba ta ƙara sa fenti a kan wani abu da zai motsa a talabijin ba.