Ɗakin Baffa a Hindawiyya

'Yata da ke karatu a Wales ta turo min hoton wani ƙaramin gidan tarihi na garin da take: fitilar masu haƙar kwal, cokulan katako, kowanne da sunan mai shi. Ina gani sai na tuna Baffa, yayan mahaifina.

Shi ma yana da irin wannan ɗaki a gidansa na unguwar Hindawiyya, nan ƙasa mai tsarki. Ya tara kayan kakanninmu da suka tako da ƙafa zuwa hajji suka zauna: akushi, gafaka, da wata sanda da hanya ta cinye gindinta. Ɗakin ƙamshin tsohuwar fata da turaren wuta yake. Bai taɓa rubuta komai ba. Kowace Juma'a sai ya ɗaga abu ɗaya ya ce mana, "Na wane ne wannan?"

Da rusau ya iso unguwar, na je taya shi kwashe kaya. Katafila na ruri a layin baya, ƙasa na zubowa daga rufi, direban motar kayan na ta ihu mu yi sauri, "Yalla, ya Hajj!" Baffa ya miƙo min sandar.

"Ɗiyata, ta wane ne?"

Na jujjuya sandar. Na manta.

"Halas, shi ke nan," ya ce, idonsa ya ciko. "Ni ma tun safe nake neman sunan."

Bai shekara a Khumra, unguwar da ya koma, ba ya rasu. Kwalayen kayan suna ɗakina, har yau tsoron buɗe su nake, kada jikokina su tambaye ni. Allah Ka haskaka kabarinsa, Ka dawo min da ko suna ɗaya kafin in bi shi.