Ranar Da Aka Ce Na Sha Bilbil

Shekara shida na yi ina ɓoye ciwon sukari a wurin aiki. Ni ke kula da sikeli a wani siton gyaɗa kusa da gadar Binuwai, a Garwa, kuma a idona aka sallami wani direba bayan shef, wato shugabanmu, ya ji yana yi wa kansa allura. Tun daga nan nake yin tawa a banɗaki kamar ɓarawo, da dabino uku a aljihu saboda ko-ta-kwana.

Wata safiya cikin zafin Afrilu, motoci huɗu suka iso daga garin Gidar lokaci guda. Na yi allura, ban samu na karya ba, dabinon kuma na manta shi a rigar jiya. Wajen sha ɗaya hannuna ya soma rawa, gumi ya jiƙa ni, harshena ya yi nauyi. Na miƙe, na yi tangaɗi, na zube kan buhuna. An ce har shef na zaga, ni dai ban tuna ba. Mai kunun bakin ƙofa ce ta gane, don mijinta ma yana fama da ciwon. Ita ta ɗura mini kunu mai sukari.

Washegari aka miƙo mini takardar neman bahasi: wai na zo aiki a buge da giyar bilbil. Ni, da nake jan ’yan dako sallar azahar!

Na kai wa matata takardar. Ta ce, “Malam, in ka yi shiru kai mashayi ne, in ka faɗa su kore ka. To gara su kore ka da mutuncinka.”

Ban so a kore ni ko ta wace hanya ba. Na kwashi karne, wato ɗan littafina na asibiti, da takardar likita na tafi inspeksiyon, ofishin da ma’aikata ke kai kuka. Sau biyar ina zuwa, ina zama kan benci har ƙafafuna su kumbura. Na gaji, wallahi na gaji. A ƙarshe aka kira shef, aka gaya masa tunda likita ya ce zan iya aiki, ba shi da hujjar sallamata.

Bai sallame ni ba. Ya ɗauke ni daga sikeli ya kai ni ɗakin baya ina jera buhunan da babu komai a ciki. Ya ce, “Don lafiyarka ne, Malam.”

Yanzu a fili nake allura, ina cin dabinona a gaban kowa. Amma takardar likitan da Faransanci aka rubuta ta, tana can kulle a durowar shef, ’yan dako kuwa tangaɗina suka gani da idonsu. Ranar da na dawo, na yi alwala na nufi tabarma, na tarar har sun sa wani a gaba. Na tsaya a sahun ƙarshe, kuma can nake tsayawa har yau.