Zaren da Na Shanya a Kan Gora

Ran Talata rana ta fito, bayan kwana huɗu ana ruwa. Abin da ya fara zuwa raina zarena ne, wanda ya jiƙe a kwano har ya soma wari.

Lokacin muna Jihar Sakkwato, a wata 'yar tunga bayan Sarandosa, gida goma sha ɗaya. Mu uku ne a namu: ni, da maigidana Sahabi, da 'yarmu Nana mai shekara uku. Shi gero da albasa yake nomawa. Ni kuwa saƙa ce ta kama ni kamar ciwo. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Aliero ta koya mini riƙon kwarashi, sa'ad da na yi jinyar innata a Jega. Ban taɓa sayar da ko safa ɗaya ba. Duk jaririn da aka haifa a tungar nan, hularsa ta farko daga hannuna take. Sahabi yakan ce wata rana zai dawo daga gona ya tarar na saƙa wa jakinsa wando.

Tsofaffin rigunan sanyi yake kawo mini daga gwanjon kasuwar Jega, in warware su. Zaren da aka warware a lanƙwashe yake, ba ya saƙuwa da kyau. Sai an wanke shi, an rataye da tsawo, an ɗaura masa dutse a ƙasa ya miƙe. Kuma sai an ɗaga shi sama sosai, don akuya ba ta da kunya. Ina da doguwar gora ta wannan aikin. Da safen nan na rataya zare ruwan ɗorawa a sama, ja a ƙasa, kada jan ya zuba ya ɓata ɗan'uwansa. Na kafa gorar jikin zana, ta zarce rufin ɗakinmu. Sahabi ya riga ya tafi shuka wake tsakanin gero.

Mako guda kafin nan aka gama zaɓe. Tun ba a fara ba dattawan tunga suka yanke cewa ba mai kafa tutar kowace jam'iyya. Shi ne ya tsare mu. Motocin 'yan banga sun sha bi ta hanyar mota, su leƙo, su ga ba tuta, su wuce. Ja da ruwan ɗorawa kuwa launin jam'iyyar da ta faɗi zaɓen ne. Na san haka, ba zan yi ƙarya ba. Amma da safen nan bargon jariri kawai nake gani.

Ƙarfe tara rediyon maƙwabcinmu ya fara labarai. Ina surfe. Sai na ji kiɗan kalangu daga wajen hanya, da ƙugin babbar mota. Ban ɗaga kai ba, mun saba. Ƙugin ya ragu. Ya tsaya. Kiɗan ma ya tsaya. Daga nan na ji motar tana ja da baya.

Sahabi ya faɗo gidan ta baya, ba hula, ƙafarsa duk laka. Daga gona ya hango abin da su ma suka hango. Bai dube ni ba. Ya tumɓuke gorar, ya kwantar da ita ƙasa, duwatsun suka zube.

"Kulu, ɗauki ɗiyag ga ki shiga gero. In sun ga zare na, wucewa za su yi. In ba su wuce ba, ki tai Jega gidan wanki Bello, ina nan tahe."

Na goya Nana, na ƙetare zana. Geron ya fi mutum tsawo. Na shiga kamar taku ashirin na durƙusa, ina hangen ƙofar gidanmu ta tsakanin kara.

'Yan bangar sun fi talatin. Sanduna, adduna, da galan biyu na fetur. Sahabi ya fita ya tare su, zaren a hannu biyu yana ɗigar ruwa. Ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani.

"Ba tuta ba ta! Zare na, ku duba!"

Sun duba. Wannan nake so duk mai karanta takardar nan ya riƙe. Na gabansu ya kama zaren, ya murza, ya ga ulu ne jiƙaƙƙe. A bayansa kuma ga Mani, ɗan tungar da ke gaba da tamu. Matarsa Balki a tabarmata ta koyi saƙa. Ɗansa da hular da na saƙa aka yi masa suna. Mani ya san gorar nan kamar yadda ya san ƙofar gidansa. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Ya sunkuyar da kai yana gyara riƙon sanda. Sun riga sun sauko daga mota, fetur yana hannu, ba wanda yake so ya koma da shi.

"Ku sa wuta!"

Na ji sandar farko. Ƙararta kamar an bugi buhun hatsi. Na ga Sahabi ya durƙusa, na ga ya miƙe, ya yi wajen fadama, mutum huɗu suna binsa. Sai hayaƙin zana ya rufe ni. Rumbun albasarmu ya kama, warinta ya cika gari, idona yana ruwa, ban san ko na hayaƙi ne ko nawa ba. Nana ta buɗe baki, na toshe da tafin hannu har ta cije ni.

"Akwai su cikin gero! Ku hiddo su!"

Na tashi na ruga. Ganyen gero yana yankar fuska. Takalmi ɗaya ya maƙale a laka, na yar da ɗayan. Abu ɗaya nake maimaitawa a raina: na gan shi ya miƙe, kuma ba wanda ya fi shi sanin fadamar nan.

Wajen ƙarfe sha ɗaya na cim ma matan tungarmu a gindin wata tsamiya, su da yara da tsofaffi biyu. Na zauna, aka matsa. Ba wanda ya tambaye ni Sahabi. Wata tsohuwa, wadda jikokinta uku suka sa hulunana, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke da zarenki." Har yau in na tuna, ƙirjina yana tafasa. Ga hayaƙin gidajenmu yana tashi, ga waɗanda suka ƙyasta ashana suna kiɗa a kansa, amma ni aka samu. Ni ce ba ni da sanda.

Ban jira su ba. Na bi gefen gonaki, ina guje wa hanya. Duk ɗan tudun da na hau sai na waiga. Da azahar na fita titi kusa da Maiyama. Motoci uku suka wuce ni. Ta huɗu ta ɗauko itace, direban ya dubi ƙafafuna, ya buɗe ƙofa. Ana kiran la'asar muka shiga Jega. Na isa gidan wana Bello a Jega Magaji, na sauke Nana, zanena ya manne da bayana.

Na zauna a soro. Matar Bello ta yi ta jana in shiga ciki, na ƙi. Laraba na wuni ina duban kan layi. Duk mai doguwar riga da ya karyo kwana, sai na miƙe. Bello ya je wajen hukuma, aka ce ya dawo gobe. Ya koma Alhamis, aka ce ƙura ta lafa, kowa ya yi haƙuri. Ba a rubuta sunan kowa ba. Na ba Bello sunan Mani da na ubansa da na tungarsu, ya dawo mini da su kamar yadda na ba shi.

Ran Juma'a da hantsi ƙanen Sahabi ya karyo kwanar, shi kaɗai. Tun daga nesa ya cire hula. A bakin fadama suka sami Sahabi, saura kaɗan ya shiga ruwa. Sun binne shi tun Laraba, don damina ba ta jira. Ban gan shi ba. Ban ji mutumin da ya ce a yi haƙuri ya zo gaisuwa ba.

Mani ya rayu, ya tsufa. An ce har liman yake ja wa baki a sahun gaba. Ban yafe ba, kuma masu cewa in yafe ba su durƙusa a geron nan ba.

Da na fita takaba na koma tungar sau ɗaya. Gida tara suka ƙone. Rumbun albasa goma sha huɗu. Awakina shida, da jakin. Mutum ɗaya aka kashe, shekararsa talatin da ɗaya. An sake yin zana, an sake rufi, wasu matan suka ga ni suka shige ɗaki.

Na wuce gona. An girbe geron, an bar waken, ba wanda ya taɓa shi. Ya bushe a jikin kara. Kunya huɗu ne suka yi wake daga farko har ƙarshe. Ta biyar ta tsaya a rabi, inda Sahabi ya bar shuka. Na tsinke shi duka, bai cika ƙwarya ba.